Fitar da ɗalibai aikin gayya: inda muke kuskure da yadda za a gyara

Shekarar farko da na fitar da 'yan ajina dashen itatuwa, a bakin hanyar bayan makaranta muka yi. An ɗauki hotuna, an yi tafi, kowa ya kama gabansa. Da aka dawo hutu, tsiron da ya rage bai kai yatsun hannu biyu ba. Awaki sun cinye wasu, rana ta ƙone sauran. Amma ba wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Na tambayi yaran abin da suka koya, sai wata yarinya ta ce, "Malam, mun dai sha rana." Kuma gaskiyarta.

Uwar kurakuran ke nan: aiki daban, darasi daban. In yaro ya haƙa rami ya koma gida ba tare da ya san abin da ya haɗa ramin da littafinsa ba, leburanci kawai ya yi. Gyaran shi ne malami ya buɗe manhaja tun kafin a taɓa fartanya, ya zaɓi darasin da aikin zai ɗauka. Dashen itace kaɗai ya ishi malamai huɗu. Na lissafi ya ce, hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, in za a bar tazarar mita 10 tsakanin mangwaro da mangwaro, guda nawa za ta ci? Su lissafa su samu 100, sannan su ɗauki igiya su auna da hannunsu. Bayan wata uku su ƙirga waɗanda suka rayu, su fitar da kashi nawa ne cikin ɗari. Na aikin gona ya kai su gindin gawo su ga yadda yake zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa ke kore shar, su gane dalilin da ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Na labarin ƙasa ya kawo kwararowar hamada da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shingen itatuwa na tare hamada, da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda jihohi 11 na arewacin Najeriya ke cikinsa. Na Hausa kuma ya sa su rubuta wasiƙar neman izini zuwa ga mai unguwa, wasiƙa ta gaske wadda za a kai, a karanta, a ba da amsa.

Wannan wasiƙar ta taɓo kuskure na biyu, wato yanke wa jama'a abin da suke buƙata daga ofishin shugaban makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila mutanen unguwa kwatar da ke toshewa duk Agusta ce ta dame su, ba inuwa ba. A je a gaida mai unguwa da liman, a zauna da ƙungiyar iyaye da malamai. A ƙasar Maraɗi an yi shekaru ana dasa itatuwa suna mutuwa, sai a shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya fara aiki da manoma a kan kututturen da ke tohowa a gonakinsu: a rage rassa, a bar masu ƙarfi su tashi. Sassaben zamani ke nan, kuma da shi miliyoyin hektoci suka farfaɗo a Nijar. Dattijon da ya iya wannan yana da darasin da ba ya cikin littafi. A gayyace shi, ɗalibai su durƙusa su gaishe shi, su riƙe biro.

Sai batun lokacin dashe. Ni a ƙarshen damina na yi nawa dashen, shi ya sa na yi asara. Ana dasawa ne idan ruwa ya zauna, tsiro ya sami makonni yana sha kafin kaka. A Nijar ma 3 ga Agusta ake bikin dashen itatuwa. Matsalar ita ce dogon hutu na faɗowa daidai nan. Saboda haka tun kafin a tashi, kowane tsiro ya sami mai shi, yaron da gidansu ya fi kusa, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando, a kuma san wa zai riƙa kawo jarkar ruwa da rani.

Kada kuma a mayar da aikin horo. Makarantar da ke tura makararru yankan ciyawa da safe, sannan ta miƙa wa yara lauje ɗin nan da sunan hidimar al'umma, ta riga ta koya musu cewa aikin hannu na masu laifi ne.

Akwai abin da ba na sassautawa a kansa: lafiyar yara. Na ga an tura 'yan ƙaramar sakandare cikin kwata da silifas, hannu tsirara, alhali fasasshen kwalba da ƙusa mai tsatsa na kwance a ƙasan laka. In babu safar hannu da takalman roba, manya su shiga, yara su tsaya a auna tsawo da rubuta irin sharar da aka fitar. A sanar da iyaye a rubuce, a kuma sallami yaran kafin lokacin Islamiyya. 'Yan mata ma a daina barinsu da tsintsiya da ɗebo ruwa alhali igiyar awo da littafin ƙirga na hannun maza.

Idan an dawo, kada a sallame su a bakin ƙofa. A shiga aji ko na minti 20 ne, kowa ya rubuta abin da ya gani, abin da ya ba shi wuya, da abin da zai sauya in an sake. A kan wannan rubutun da lissafin da suka fitar ake ba da maki, ba a kan yawan ramukan da yaro ya haƙa ba. Littafin ƙirgar kuma a ajiye shi a ofis, domin 'yan ajin baɗi su fara da auna itatuwan da yayyensu suka bari.