Yadda za ki gane ko kwalin hatsin karin kumallo ya cancanci sunan mai lafiya

A watan Disamba na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sabunta sharuɗɗan da kamfani zai cika kafin ya buga kalmar "healthy", wato mai lafiya, a jikin abincinsa. Tsohon ma'aunin na 1994 bai ɗora iyaka kan sukarin da aka ƙara ba, shi ya sa hatsi mai zaƙi kamar alewa yake tsallakewa salin-alin. An bai wa kamfanoni har zuwa Fabrairun 2028 su gyara, don haka kwalin da ke kan kanta yau ba lallai ne ya bi sabuwar ƙa'idar ba. Uwar gida, aikin dubawa ya dawo kanki.

Da farko juya kwalin. Hoton zangarniya da yaro yana murmushi a gaba, duk talla ne.

Sai ki karanta jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, saboda haka ki tabbata na farko cikakken hatsi ne da ba a surfe dusarsa ba, alkama ko masara ko ots. Idan sukari ne na biyu, ki fara zargi.

Daga nan ki nemi layin "Added Sugars", wato sukarin da aka ƙara. Nan ne gizo ke saƙar. Sabuwar ƙa'idar ta ce kada ya wuce giram 5 a awon ci ɗaya, wato cokalin shayi ɗaya da ɗan ɗori, tunda cokalin yana ɗaukar kusan giram 4. Kwalin da ya ce giram 12, cokali uku ke nan tun ba a zuba madara ba. Zuma da ruwan rake da aka zuba a masana'anta duk a wannan layi ake lissafa su.

Sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, kada ya haura miligiram 230. Kitse mai daskarewa kuma giram 1.

Saura awon kansa. Duk alƙaluman nan na abin da kwalin ya kira ci ɗaya ne, sau da yawa kofi guda. Ki auna shi sau ɗaya ki zuba a kwanon da yaronki ya saba cikawa. Idan awon ya tsaya a rabin kwanon, sai ki ninka sukarin sau biyu, sannan ki ɗora cokalin da yake ƙarawa in kin juya baya.