Kula da tetsubin, butar ƙarfen Japan

'Yan uwa masu tara kayan gargajiyar Japan, ga shawara kan tetsubin, butar ƙarfen nan da ake zubawa a Morioka da Oshu na yankin Iwate, wadda ake kira Nambu tekki.

Kafin ku biya kuɗi, ku ɗaga murfi ku leƙa. In cikin na sheƙi da santsi kamar cikin langa, to ta jiƙa shayi ce kawai, ana ɗora ta a wuta shafen zai tsattsage. Butar dafa ruwa kuwa, cikinta gasasshe ne da gawayi, mai ɗan kaushi, launin toka.

Sabuwa, a zuba ruwa kashi 8 cikin 10, a tafasa, a zubar, sau 3. Kullum in an gama, a juye ruwan tas tun tana da zafi, a cire murfi, zafin jikinta ya busar da ita. Ruwan da ya kwana a ciki shi ke haifar da tsatsa.

Don Allah kada a sa mata sabulu ko soso. Farin ɓawon da ke taruwa a ciki shi ne garkuwarta, masu tara kayan ma daraja suke ba shi. Jajayen ɗigo kuwa ba komai ba ne muddin ruwan na fita garau. In ya fara ja, a ƙulle cokali 1 na ganyen koren shayi a ƙyalle, a tafasa minti 20, a bar shi awanni. Ruwan zai yi baƙi ƙirin, sinadarin ganyen ne ya kama tsatsar. A zubar, a sake tafasa ruwa mai tsabta.

Kada a bar ta a wuta babu ruwa, kuma ruwan sanyi a busasshiyar buta mai zafi yana fasa gindinta.