Yadda Ake Lissafin CGPA a Jami'o'in Najeriya

Duk shekara sai an samu ɗan aji ɗaya da zai haɗa GPA ɗinsa (matsakaicin sakamakon zango ɗaya) na zanguna biyu ya raba biyu don ya samu CGPA (matsakaicin sakamakon duk zangunan da ya yi), ya je gida ya ce wa iyaye yana kan 2.1, wato daraja ta biyu ta sama. Ranar da aka liƙa sakamako sai ido ya raina fata.

Fara da takardar rajistar kwasa-kwasanka, domin a jikinta yunit ɗin kowane kwas yake, wato nauyinsa a lissafi. Sannan ka mayar da makinka lamba. A tsarin maki biyar na hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC), 70 zuwa sama A ne, lamba 5. 60 zuwa 69 B, 4. 50 zuwa 59 C, 3. 45 zuwa 49 D, 2. 40 zuwa 44 E, 1. Abin da ya gaza 40 F ne, sifili. Makin kuwa haɗin jarrabawa ne da na gwaje-gwajen aji, waɗanda kan ɗauki 30 ko 40 cikin ɗari. Wanda ya raina tes ya shiga ɗakin jarrabawa da ƙafa ɗaya.

Yanzu ka ninka lambar da yunit. A a kwas mai yunit 3 ya ba ka 15, a mai yunit 1 kuwa 5 kacal. Shi ya sa nake cewa daren jarrabawa kwas mai nauyi ake fara karantawa, ko da malaminsa ba ya burge ka. Tara duka, ka raba da jimillar yunit da ka yi wa rajista. GPA ke nan.

To, a CGPA ake yin tuntuɓe. A ce zangon farko ka ɗauki yunit 18 ka tara 72, GPA 4.00. Na biyu ka ɗauki 24, ka sake tara 72, GPA 3.00. Mai gaggawa zai ce 3.50. Ina! 144 za ka raba da 42, ka samu 3.43. Tazarar ƙanƙanuwa ce a ido, amma 2.1 daga 3.50 take farawa, kai kuwa kana cikin 2.2, daraja ta biyu ta ƙasa, wadda ke tsakanin 2.40 da 3.49.

Kuma kada ka cire kwas ɗin da ka faɗi daga lissafi don ranka bai so ganinsa. A yawancin jami'o'inmu yunit ɗinsa na nan a ƙasa yana jan ka, ko da ka maimaita shi baɗi ka ci A. Manhajojin waya na wannan lissafi? Ba na amfani da su, wasu tsarin maki huɗu na Amurka suke bi. Biro da bayan littafi sun isa, ba ko sisi.

Daraja ta ɗaya daga 4.50 take, ta uku 1.50 zuwa 2.39. Ka gwada abin da ka samu da na allon sashenku, in sun saɓa ka nemi kodinetan ajinku tun kafin majalisar jami'a ta amince da sakamakon.