Yadda ake shirya kwanan daji da iyali da abokai idan akwai yara a tafiyar

Idan gidaje biyu ko uku suka yi shawarar fita daji su kafa tanti su kwana tare da 'ya'yansu, to tun kafin a zaɓi wuri a dubi yaron da ya fi kowa ƙanƙanta, a auna tafiyar da ƙarfinsa. Nisan da zai iya takawa shi ne iyakar yawon da za a yi, sanyin da zai iya jurewa kuma shi zai faɗi yawan bargunan da za a ɗauka. Waɗanda ba su taɓa irin wannan fita ba gara su fara da kwana ɗaya ko biyu a wurin da hukuma ta ware wa masu yada zango, inda mota ke iya isa, kuma su san asibiti mafi kusa da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a kai gare shi.

Manya su zauna tun da sauran kwanaki su raba ɗawainiya, domin kada a isa a tarar da tukwane huɗu amma babu ashana ko ɗaya. A nemi izini idan wurin na buƙatarsa, a tambaya ko an yarda a hura wuta, a duba hasashen yanayi, sannan a bar wa wani da ba ya cikin tafiyar sunan wurin da ranar dawowa, saboda waya ba ta da tabbas a daji. Tantin kuwa a gwada kafa shi a gida, yara su taya, har ma su kwana a ciki in da hali. A nan ne ake gane sandar da ta ɓace, a nan ne kuma ake gane yaron da ke tsoron duhu.

A yi ƙoƙari a isa da sauran aƙalla awa 2 kafin faɗuwar rana. A zaɓi fili mai ɗan tudu, a bar tazarar mita 60 ko fiye tsakanin tanti da kogi ko tafki. Kada a yaudaru da laushin yashin busasshen rafi ko kwazazzabo, domin ruwan da aka tafka a wani wuri mai nisa yana iya gangarowa cikin dare ya cika shi, alhali ko ɗigo bai sauka inda kuke ba. A ɗaga kai a duba ko akwai busasshen reshe a sama, a sunkuya a duba gidan tururuwa da ramuka. Idan wurin kan dutse ne a tuna cewa zafi na raguwa da kusan digiri 6.5 a duk hawan mita 1,000, kuma ƙasa tana zuƙe ɗumin jikin mai barci, don haka shimfiɗa mai kauri ta fi ƙarin bargo amfani.

Babban haɗarin tafiyar taro, a ganina, yana cikin yawan manyan ne. Mutum shida suna zaune hira ta yi daɗi, kowa ya saki jiki cewa wani na lura da yaran, sai can wata uwa ta waiga ta ce, "Ina ƙaramin?" mijinta ya amsa, "Ai na ɗauka yana wajenki." Maganin wannan shi ne a sa kulawa ta zama aiki mai suna: mutum ɗaya ne ke riƙe da yara a kowane lokaci, ba ya girki, ba ya duba waya, kuma ba ya tashi sai ya kira sunan wanda zai karɓe shi ya ji ya amsa. Wannan ya fi zama dole a bakin ruwa, domin yaron da ke nutsewa galibi ba ya iya ihu. Da zarar an sauka a zaga da yara a nuna musu iyakar da ba za su ƙetare ba, wannan bishiyar da wancan dutsen, a sa musu tufafi masu launi mai haske, a rataya wa kowa usur a wuya. A koya musu cewa wanda ya ɓata ya tsaya inda yake, ya busa usur sau 3, ya saurara, ya sake busawa. A kuma tabbatar musu ba za a yi musu faɗa ba, domin akwai yaron da zai ji ana kiransa ya yi shiru saboda tsoron duka.

Wuta a hura ta nesa da tanti, a share ciyawar da ke kewaye, a ja layi a ƙasa wanda yara ba za su tsallaka ba. Komai tsananin sanyi kada a shigar da gawayi ko risho cikin tanti, domin suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barcinsa. Kafin kwanciya a kwara wa wutar ruwa, a motsa tokar, a sake kwarawa har sai ta huce sarai.

Ruwan sha ya fi kyau a taho da shi, a lissafa wa kowane mutum kamar lita 4 a rana domin sha da girki. Idan ya zama dole a ɗebi na rafi, a bar shi ya tafasa sosai na minti 1, ko minti 3 a wuri mai tsayin da ya haura mita 2,000. Inda babu makewayi a haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20 nesa da ruwa, a rufe bayan an gama, a wanke hannu da sabulu. A akwatin magani kada a rasa bandeji, hantsaki, maganin zazzaɓi na yara, ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, da maganin duk wanda yake da ciwon da aka sani.

Abinci da shara a rufe su a ajiye nesa da wurin barci, domin ƙanshinsu ke jawo dabbobi. A riƙa zuge bakin tanti, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada kuma yaro ya fita da dare babu takalmi da tocila. Kowane maraice a duba jikinsu saboda kaska, musamman bayan kunne, hammata da cikin gashi. Idan an samu a kama ta da hantsaki dab da fata a ja a hankali. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire masa zobe ko agogo, a hana shi motsa gaɓar, a ɗauke shi zuwa asibiti. Idan aka ji tsawa kuwa, tanti ba mafaka ba ne: a shiga mota a rufe gilashi, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

Ranar tashi a jera yara su bi filin suna tsince duk abin da aka yar, a taɓa tokar murhu a tabbatar ta yi sanyi, a ƙirga kawuna kafin kowace mota ta motsa, sannan da an samu layin waya a kira wanda aka bar wa sallahu a shaida masa an fito.