Mauntin ɗin shokazoba a a-kori-kura

Jama'a, kafin makanike ya ce ku sayi mauntin huɗu, wato abin da ke haɗa kan shokazoba da jikin mota, ku leƙa ƙarƙashin motar. Yawancin a-kori-kura irin Hilux da Ranger na zamani, a gaba ne kawai shokazoba ke cikin sifirin mai naɗi, da mauntin na roba a samansa. Baya kuwa sifirin mai falle-fallen ƙarfe ne, shokazoba daban, bushin (ƙaramar robar da noti ke ratsawa) kawai ke riƙe shi. Ke nan mauntin biyu ne kawai, ba huɗu ba.

In kun ji ƙwanƙwasa a gaba idan kun faɗa rami, a duba robar ko ta tsage. Mauntin biyun, na dama da na hagu, za a canza tare, kada a yi rowa. Notin bushin kuma sai an sauke motar daga jak a ɗaure shi tamau, in ba haka ba robar murɗewa take yi ta mutu da wuri. Sannan a saita ƙafafu.