Yadda Ƙasa 'Yar Ba-ruwanmu Take Shiga Ƙawancen NATO

Duk ƙasar da take son ajiye manufar 'yan ba-ruwanmu ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO, sai ta fara duba sashe na 10 na yarjejeniyar Washintan ta 1949 da ta kafa ƙungiyar, wanda ya ce ƙasar Turai ce kaɗai za a iya gayyata, kuma sai dukkan ƙasashen ƙungiyar sun amince. Hanyar da Finlan da Suwidin suka bi ita ce misali mafi kusa.

Aikin yana farawa tun kafin a rubuta takardar neman shiga. Ƙasashen biyu sun shiga shirin haɗin gwiwar zaman lafiya na NATO tun 1994, suka yi ta atisaye tare da sojojinta, har makamansu da tsarin rundunoninsu suka dace da nata. Daga nan sai neman yardar jama'a a gida, domin ba ƙaramin abu ba ne ƙasa kamar Suwidin, wadda rabonta da yaƙi tun 1814, ta sauya alƙibla. Mamayar da Rasha ta kai wa Yukren a watan Fabrairun 2022 ce ta juya ra'ayin mutane, har majalisar Finlan ta amince da ƙuri'a 188, ƙuri'a 8 kawai suka ƙi. Ranar 18 ga Mayu ƙasashen biyu suka miƙa takardunsu tare, aka kuma sa hannu a kan takardun shigarsu ranar 5 ga Yuli.

A nan ne gizo yake saƙa, kuma a ganina nan ya kamata shugabanni su fi mayar da hankali. Sai kowace ƙasa da ke cikin ƙungiyar ta tabbatar da takardun bisa dokokinta, kuma a tsawon wannan jira alkawarin kariya na sashe na 5 bai hau kan mai neman shiga ba: ta riga ta ɓata wa maƙwabciya rai, ba ta kuma samu inuwa ba. Ga Finlan mai iyakar kilomita 1,340 da Rasha wannan haɗari ne na gaske, shi ya sa ita da Suwidin suka karɓi alkawarin taimako daga Birtaniya tun kafin su miƙa takarda.

Wajibi ne kuma a gano da wuri ƙasar da za ta iya hawa kujerar naƙi. Turkiyya ta zargi Suwidin da ba 'yan ƙungiyar PKK ta Kurdawa masu ɗauke da makamai mafaka, sannan ƙona Alƙur'ani mai girma da aka yi a birnin Stockholm a Janairun 2023 ya ƙara dagula al'amura. Suwidin ta tsaurara dokokinta na yaƙi da ta'addanci, amma duk da haka majalisar Turkiyya ba ta amince ba sai a Janairun 2024, Hangari kuma sai a Fabrairu. Finlan ba ta jira abokiyar tafiyarta ba, kuma ina ganin ta yi daidai. Ta zama ƙasa ta 31 ranar 4 ga Afrilu, 2023.

Mataki na ƙarshe shi ne sabuwar ƙasar ta kai takardar shigarta ga gwamnatin Amurka, wadda take ajiye da yarjejeniyar. Suwidin ta yi haka ranar 7 ga Maris, 2024, ta zama ƙasa ta 32.