Darasi na 11: Gyaran taransfar mota mai jan ƙafa huɗu a gida

Idan ka leƙa ƙarƙashin Hilux ko Land Cruiser za ka ga farfela biyu, wato dogayen sandunan ƙarfe masu juyawa da ke kai ƙarfin inji zuwa ƙafafu, ɗaya ta nufi ƙafafun baya, ɗaya ta nufi na gaba. Inda suka samo asali, a bayan giyabos, akwai wani akwati. Shi ne makanikai ke kira taransfa. Aikinta biyu ne. Tana raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, kuma tana rage gudu don ƙarfin ja ya ƙaru, lokacin da mota ta shiga yashi ko taɓo ko za ta hau tudu da kaya.

Kusa da libar giya akwai ƙaramar liba. Karanta abin da aka rubuta a kanta: H2, H4, N, L4. A H2 ƙafafun baya kaɗai ke ja, ita ce giyar kwalta. A H4 duk huɗun na ja. N ba ta ja ko ɗaya. L4 kuwa ƙafa huɗu ne da tafiyar hawainiya.

Za mu yi darasinmu da tsohuwar Hilux, domin tana da yawa a hannun manoma da direbobin ƙauye. Kamfanin Toyota ya fara yin Hilux a 1968, mai jan ƙafa huɗu kuma ta fito a 1979. Taransfarta iri biyu ce. Akwai mai haƙoran ƙarfe zalla, lambarta RF1A, akwai kuma mai sarƙa a ciki, wadda lambarta ke farawa da VF. Ta farkon ce muke magana a kai. Sababbin motoci da ake sa musu giyar ƙafa huɗu da maɓalli suna da na'urar lantarki a jikin akwatin, waɗannan a bar wa ƙwararru.

Tabbatar da ciwon tukuna

Ba kowace ƙara ce daga taransfa ba. Kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke ba ta damar lanƙwasawa, idan ya ci, yakan yi ƙwas lokacin tashi, a ɗora wa taransfa laifi. Kama farfela ka girgiza. Idan wasan a gaɓarta yake, to aikinka ƙarami ne.

Sai ka duba mai. Akwatin na da noti biyu, na zuba mai a sama, na tsiyayewa a ƙasa. Fara kwance na sama. Dalili shi ne, in ka zubar da mai sannan na saman ya ƙi kwantuwa, ka tsayar da motarka. Sa ɗan yatsa a ramin, ya kamata ka taɓo mai a bakinsa. Man da ya yi fari ya yi kauri, ruwa ne ya shiga, kuma hakan na yawan faruwa da damina ga masu ƙetare rafi. Baƙin gari mai laushi a jikin notin ƙasa ba abin tsoro ba ne. Amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai walƙiya da za ka iya ɗauka da farce, boris ko haƙori ya fara cinyewa. Kukan da ke ƙaruwa da gudun mota galibi boris ne. Giyar da ke fita da kanta kuwa, ko dai sifirin ɗin da ke riƙe ta ya mutu, ko haƙoran zoben da ke kama ta sun lashe.

In yoyo ne kawai a bakin farfela, babu kuka, kada ka sauke komai. Sil ne, wato zoben robar da ke hana mai fita, ana canza shi akwatin na jikin mota. Wasu garejin za su ce a sauke duka, saboda kuɗin aikin ya fi tsoka.

Shiri

Ka tanadi sifanoni da soket, har da mai lamba 30 don manyan notin bakin farfela, filaya mai buɗe zoben kulle, gudumar roba ko ta katako, siririn ƙarfe na fitar da fin, jak, kananzir, tsummoki masu tsabta, da fenti ko alli. Ka ari sifanar awo, wadda ke nuna ƙarfin ɗauri. Sannan ka kawo biro da littafin rubutu da gwangwanayen madara wankakku da kwali mai faɗi. Waɗannan na ƙarshen su ne ke raba wanda zai gama aikin da wanda zai kwashe ƙarafa a buhu ya nufi gareji yana ba da haƙuri.

Wurin aiki ya zama daɓe ko tebur, a inuwa, inda iska ba ta kawo ƙura. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin sabon boris ta isa ta kashe shi. A hana yara da awaki zuwa wurin.

Saukewa

Tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, ka tokare ƙafafu huɗu da katako gaba da baya. Da zarar an cire farfela, giya ba ta ƙara riƙe mota. A tsofaffin Land Cruiser ma birkin hannu a jikin taransfa yake, don haka shi ma ya tashi aiki. Cire wayar batir. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, ko da na minti ɗaya ne.

Tsiyaye mai a gwangwani, ka ajiye nesa da rijiya. Kafin ka kwance farfela, ja layin fenti daga jikinta zuwa faifan da take ɗaure da shi, domin ta koma yadda take. In ta koma a karkace mota na iya yin rawa a kan gudu. Babban notin da ke tsakiyar faifan an doke bakinsa ne ya shige cikin tsagi. Buɗe wannan dukan tukuna. Huda ramuka biyu a jikin dogon ƙarfe, ka ɗaure shi da faifan ya tokare, sannan ka sassauta notin tun akwatin na jikin mota. A ƙasa sai ya riƙa mirgina yana wahalar da kai.

Cire ƙaramar liba, wayar awon gudu da wayar fitilar ƙafa huɗu. Tallabe giyabos da jak da katako, ka cire ƙarfen da ya gitta a ƙasa, ka kwance notin da suka haɗa akwatunan biyu. Ja taransfa baya kai tsaye. Nemi mataimaki, nauyinta ya fi ƙarfin wanda ke kwance rigingine.

Buɗewa

A nan iya karatu da rubutu zai yi maka rana. Wanke bayan akwatin tas kafin ka buɗe. Zana hoton murfin a jikin kwali, ka huda, duk notin da ka cire ka soke shi a gurbinsa na hoton, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne. Dogon noti a gajeren rami yana fasa akwati. Duk abin da ya fito ka jera shi daga hagu zuwa dama, ka rubuta masa lamba: 1, 2, 3. A littafinka ka rubuta, misali, "7, washa mai kauri, gefen tsagi na kallon baya." In kana da waya mai hoto ka ɗauka a kowane mataki, amma rubutun ya fi, saboda hoto ba ya nuna kauri.

Jikin akwatin alminiyam ne, ba shi da taurin ƙarfe. Kada ka cusa sukudireba tsakanin ɓangarorin biyu. Bubbuga da gudumar roba a hankali har ya rabu. In ya ƙi, akwai notin da ka manta.

Yi hattara da ƙanana. A gefen akwatin akwai toshe-toshe, ƙarƙashin kowanne akwai sifirin da ƙwallon ƙarfe. Su ne ke riƙe giya a inda ka sa ta. Tsakanin sandunan canza giya guda biyu kuma akwai wani ɗan guntun fin da ke hana shiga L4 da ƙafa biyu. Mutane da yawa ba su san da shi ba sai ya faɗi ya ɓata. Zaro su da maganaɗisu, kowanne da gwangwaninsa da sunansa. Haka ma siraran ƙarafan boris masu kama da allura: ƙirga su, ka rubuta adadin.

Wanke komai da kananzir, ba da fetur ba. Ɗiga wa kowane boris mai, ka juya shi da hannu kusa da kunnenka. Mai lafiya shiru yake, mai ciwo yana ƙarar yashi. Duba haƙora ɗaya bayan ɗaya, ko akwai karaya ko ramuka. Haƙorin da ya yi sheƙi kawai lafiyarsa ƙalau, kada mai shago ya sa ka saya. Shafa farce a wuyan faifan farfela, inda sil ke gogawa. In farcen ya maƙale a tsagi, sabon sil ma zai yi yoyo, sai an canza faifan.

Kasuwa

Ko Ƙofar Ruwa za ka a Kano, ko Fanteka a Kaduna, tafi da tsohon kayan da littafinka. Kowane boris da sil na da lamba a gefensa. Kwafe ta, ka gwada da ta sabon harafi da harafi. In har za ka sayi shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa da ke shiga giyabos, ƙirga tsagoginsa, domin akwai mai 21 akwai mai 23, kuma a ido kamar ɗaya suke. Haƙora da shaf na hannu ba laifi in sun yi kyau. Sil da boris da fakin, wato takardar da ake sawa tsakanin ɓangarorin akwati don hana yoyo, sababbi za ka saya, araha a nan ba ta ado.

Haɗawa

Bi jerinka daga dama zuwa hagu, kana soke kowace lamba a littafi. Shafa wa komai man giya kafin ya shiga. Ɗan giris zai riƙe alluran boris kada su zube. Boris ɗin da zai hau shaf, shanya shi a rana cikin leda ya yi zafi, zai shiga da sauƙi. Kada ka kai shi wuta. Ɗora bututun ƙarfe a kan zobensa na ciki ka buga, kada bugun ya bi ta kan ƙwallayen. Sil kuwa gefen sifirin ɗinsa ne ke kallon mai, a shafa giris a leɓensa, a shigar da shi daidai ba karkace.

Kankare tsohon fakin sarai, ka sa sabo. Masu lafta gam har ya tsiyaya ciki suna toshe hanyar mai ne. Ɗaure notin murfi kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan. Ƙarfin ɗaurin kowanne na cikin littafin gyaran motar, na notin zuba mai da na tsiyayewa 37 ne a N.m, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar awo. Babban notin faifai sabo ake sawa, a doke bakinsa cikin tsagi.

Gwada tun a ƙasa. Sa L4, ka yi alama a shaf ɗin shiga da faifan baya. A RF1A shaf ɗin zai juya sau 2.28 kafin faifan ya zagaya sau ɗaya, wato biyu da kwata da ɗan ɗori. A mai sarƙa 2.57 ne. A H4 kuwa ɗaya da ɗaya. A H2, faifan gaba ya kamata ya saki.

Bayan ka ɗora, zuba man giya 75W-90 har ya fara dawowa ta ramin sama. RF1A na shan kimanin lita 1.6. Gwada H4 da L4 a kan ƙasa ko yashi, ba a kwalta ba. Wannan taransfa ba ta barin gaba da baya su bambanta gudu, don haka a kwana kan kwalta sai shaf su murɗe, liba ta ƙi fita. In ta maƙale, ja da baya kaɗan a miƙe. Tayoyi masu girma daban-daban ma haka suke yi mata. Bayan kwana biyu shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe ka duba ko ya ɗiga.

Aikin gida

Rubuta ma'anar H2, H4, N da L4 da kalmominka. Nemo tsohon boris a wurin makanike, ka kwafo lambarsa ka kawo aji. Sannan ka yi wannan lissafi: mutum ya sayi man giya lita 4, ya cika RF1A sau biyu. Lita nawa ta rage masa?